Alwalar Kawu da Zayyanar Kakana

Bakina ne ya ja mini, kamar kullum. Tun ina yaro nake da ciwon nan na cewa na iya abin da ban iya ba, kuma har yau da furfura a gemuna bai gama sakina ba. Allah ya yafe mini.

Lokacin da abin ya faru an kwana biyu da ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Kafin nan gidan kallo gare ni a Jibiya, rumfar kwano da bencina da talabijin, ina sa wa matasa finafinai suna fashin la'asar. Da shari'a ta zo aka rufe, na yi ta ƙunƙuni, sai daga baya na gane gata aka yi mini. Na koma ƙarƙashin lema a bakin tasha, ina sayar da katin waya ina yi wa direbobin manyan motoci caji. Boko kuwa ban yi nisa ba na gudu. Amma da yake an saba ganina cikin wayoyi, mutane suka ɗauka duk abin da ke aiki da lantarki na san cikinsa, ni kuma ban taɓa ƙaryata kowa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, marubucin Alƙur'ani. Da ka yake rubutawa, warƙa-warƙa, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa. A shekarar nan yana kan wanda shi da bakinsa ya ce shi ne na ƙarshe, domin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya gama rubutu, ya sa wasali da jar tawada, ya yi zayyanar farko da ta sauran wurare. Warƙa ɗaya ya bari fara fat, ta zayyanar tsakiya. Ya ce ta mahaifinsa yake so ya sa a wurin, ba wata ba.

Mahaifin nasa, kakana ke nan, a wani ƙauye kusa da Maraɗi ya zauna kafin iyali su tsallako iyaka zuwa Jibiya. Shi ma marubuci ne. Zamanin Faransa wani kwamanda ya ga Alƙur'anin da ya rubuta, ya yaba, ya ce yana so. A lokacin in kwamanda ya ce yana son abu, ba a tsayawa shawara. Aka naɗe masa har da gafakar fatar da ake ajiye shi a ciki. Kawu yana yaro ƙarami a lokacin, amma zayyanar tsakiyar ta zauna masa a rai. Gefe da gefe yana tuna su sarai. Ƙullin da ke cibiyarta ne ya ɓace masa, ya yi ta gwadawa a allo yana wankewa shekara da shekaru.

Babban ɗan Kawu mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa a wata lakwal a Maraɗi. Taubashina ne, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a taɓa juna ba. Shi ne ya zo wata ranar hutu da takarda a aljihu. Wai wani gidan adana kayan tarihi a ƙasar Turawa ya sa hotunan kayan da ke hannunsa a intanet don kowa ya gani, ya yi ta laluba har ya ci karo da wata gafaka da aka ce daga yankin Maraɗi aka ɗauko ta. Ya buga hoton zayyanar ya kawo.

Muna zauren Kawu ya miƙa masa. Hoton bai fi kwalin ashana ba, baƙi da fari, tawadar ma ta yi dishi-dishi. Kawu ya kai shi kusa da hanci, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi sama, ya dawo.

"Wanga mine ne? Ƙuda anka murje a takarda?"

"Baba, iyakar yadda injin ya fiddo shi ke nan."

Da na yi shiru a nan da ban rubuta wannan labari ba. Amma na ga taubashina a ƙasa, raina ya ce in taka.

"Kawu, ai aikin mutanen Nijar ke nan," na ce. "Su da ke aron wuta a wurinmu, ina za su san kwamfuta? Ka bar mini. Zan kawo maka shi da launinsa, ƙato kamar faifai, har nan inda kake zaune."

Mushe ya dube ni ya yi dariya. "Bawana, kai da ko sunanka sai ka yi bacci a tsakiya kafin ka gama rubutawa?"

"Wa ne bawan wani? Ka zo ranar kasuwa ka ga aiki."

Kawu bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Ka iya?" Na ce na iya. Ban taɓa buɗe intanet da hannuna ba a duniya.

Akwai wani ejan a bakin iyaka mai yi wa manyan motoci takardun fito, muna mutunci don a wurina yake caji. Yana da kwamfutar cinya da ɗan modam da ake soka mata a gefe. Ya ba ni aro ba musu. Har ya ce in zauna ya nuna mini 'yan abubuwa. Na ce haba, ni fa mai gidan kallo ne, wannan wasa ne a wurina. Ya ce to, ya miƙo mini jaka.

Duk wanda ya zauna Jibiya a shekarun nan ya san halin sabis ɗinmu. Kana tsaye a ƙofar gidanka, a ƙasarka, wayarka ta yi maka maraba da zuwa Nijar. Modam ɗin ma haka. A zauren Kawu ya ƙi ko motsi. Na kai shi tsakar gida, na kai shi bakin masallaci, na hau katangar maƙwabci har matarsa ta leƙo tana salati. Sai da na yi yini ina zagaya gari a kan babur da kwamfuta a buɗe kamar mai tallar ƙosai, kafin na gano wani tudu a hanyar Daddara, bayan gonaki, inda 'yar fitilar modam ke tsayawa ba ƙyaftawa. A can sabis yake, kuma a can babu inuwa sai wata aduwa guda.

Na dawo na gaya wa Kawu sai dai shi ya tafi wurin hoton, hoton ba zai zo ba.

"Ba haka kac ce ba."

"Kawu, sabis ne."

"To. Mu tahi wurin sabis."

Ranar kasuwa mushe ya tsallako, don shafin da Faransanci yake, ni kuma Faransancina bai wuce na gaida jandarma da ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ba. Kafin mu tashi Kawu ya sa aka ajiye kwamfutar a gabansa ya yi mata tambayoyi ta bakina. Me ake kallo a cikinta? Na ce takardun motoci. Ya ce ban da su fa? Na ce ban sani ba. Ya ce shi ya sani, ya san ni ya san abokaina. Ya ɗauko farin ƙyalle mai tsabta ya goge gilashin kusurwa-kusurwa. Ya ce kuma ba a cinya za a ɗora ta ba, tunda Alƙur'ani zai fito a ciki. Aka ɗauko 'yar kujera da matashi da buzunsa, da bargo don a yi masa duhu, saboda idonsa ba ya ganin gilashi a rana. Ya ce in ɗauki buta. Na rataya ta a hannun babur, ban duba ko da ruwa a ciki ba.

Sannan ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko muna da alwala. Mushe ya ce yana da ita. Ni tawa ta warware tun hantsi, amma rana na yi, ga kaya an riga an ɗaure. Na ce ina da ita.

A kan tudu muka shimfiɗa masa buzu a gindin aduwa. Mushe ya zauna yana gaya mini inda zan danna, ni kuma ina yi kamar da ma nan zan danna. Shafin ya buɗe da ƙyar. Hoto ba ya fitowa gaba ɗaya, daga sama yake saukowa siriri-siriri, kamar ana warware tabarma a hankali, ya tsaya ya huta, ya ƙara ɗan taku. Na farko gafaka ce. Na biyu gafakar ce dai, ta baya. Na uku igiyar gafakar. Kowanne sai mun jira shi ya sauko kafin a ba mu hanyar zuwa na gaba.

"Su waɗanga mutane dukawa ne?" in ji Kawu. "Fata sunka ɗauka ko Littafi?"

Akwai rubutu a ƙarƙashi, ya ce a karanta masa. Mushe ya fassara. Wai littafin addu'o'i ne, an samo shi a yankin Maraɗi, ba a san wanda ya rubuta ba.

"Ba a sani ba? Sun tambaya anka ƙi gaya musu?"

"Baba, haka suke rubutawa in ba su da suna."

"Izu sittin ne littahin addu'o'i?"

Na danna hoto na gaba. Daga cikin warƙoƙin nan masu yawa 'yan kaɗan mutanen gidan tarihin suka ɗauki hotonsu, waɗanda suka yi musu kyau a ido, kuma sun jera su daga ƙarshe zuwa farko, yadda suke buɗe nasu littattafan. Muka bi su a haka. Sabis ya yanke, ya dawo, shafin ya mai da mu kan gafaka. Na zagi modam, Kawu ya ce in kama bakina akwai ayoyi a gabana. Rana ta take. Tsoho ya jingina da aduwa ya ja bargo ya rufe kai, yana jan carbi, can sai carbin ya tsaya.

A daidai nan zayyanar ta fara saukowa. Ja da rawaya da baƙi, igiyoyi suna shiga juna suna fita. Ni da ban san kan abin ba sai da tsigar jikina ta tashi. Muka zuba mata ido har ta kai ƙasa. Na duba alamar batir, ta kusa ƙarewa.

"Kawu! Kawu, tashi, ga ta!"

Ya yaye bargo ya yi salati. Ya matso da gwiwa, har ya miƙo hannu, sai ya janye.

"Na yi barci?"

"Ɗan gyangyaɗi ne, Baba."

"Carbi ya faɗi daga hannuna ban ji ba. Wanga barci ne mai nauyi. Miƙo buta."

Na ɗauko buta na ji ta sakayau. Na girgiza, ko ɗigo babu.

"Kawu, ba sai ka taɓa ba. Kalla kawai."

"Da wane idon? In ban bi layi da yatsa ba ba ya shiga kaina."

Mushe ya ce ai malamai da yawa sun ce gilashi ba takarda ba ne, ana iya taɓawa. Kawu ya ce malaman su taɓa nasu, wannan hannun ubansa ne. Na ce to ya yi taimama, ga ƙasa nan mai tsarki ko'ina. Ya nuna wajen wasu bukkoki can ƙasan tudu, ya ce ko shi da ba ya gani sosai yana jin carar zakara, inda zakara yake akwai ruwa, ba a taimama ruwa na kusa. Mushe ya fizgi buta ya hau babur.

Gidan wani manomi ne Kirista, mutumin kirki, shi da kansa ya cika butar daga randa. Amma hanyar yashi ce, babur ya yi ta tutsu. Ina tsaye ina kallon alamar batir ta koma ja, ina kallon ƙurar mushe can nesa, ina kallon Kawu ya juya wa kwamfutar baya don kada ma ya ga abin rabi-rabi. Yinin da na yi ina yawo, da zagin da na sha a katangar mutane, da ranar da ta dafa mini ƙeya, duk suka taso mini lokaci guda.

Ruwa ya iso. Kawu bai taɓa yin alwalar gaggawa ba, ranar ma bai fara ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya tsettsefe gemu. Yana kan ƙafar dama gilashin ya yi baƙi.

Abin da na faɗa ba zan maimaita shi duka ba. Na ce masa tsoho, ban ce Kawu ba. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, mutum ido na mutuwa yana ta ƙa'ida. Na ce gilashi ne, gilashi, irin wanda ake kallon rawa a ciki. Na ɗaga murya har wasu mata masu itace suka tsaya a hanya. Mushe ya kama mini riga na fizge.

Kawu ya gama wanke ƙafar hagu, ya yi shahada, ya ɗago.

"Kai da kake ta shafa shi tun ɗazu, da taka alwalar dai ko?"

Na ce eh. Karo na biyu ke nan a yini ɗaya.

Ni na goyo shi zuwa gida. Bai riƙe ni ba, ƙarfen bayan babur ya riƙe.

Kafin magariba labari ya kai wa mahaifiyata. Na shiga gaishe ta, ta ci gaba da tankaɗe kamar iska ce ta shigo. Washegari ma haka. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Wanda ya goya ni ka kira tsoho a gaban matan ƙauye. Kada ka ƙara cin tuwona sai ya ce ya yafe."

Na yi kwanaki ina kewaya zauren nan ban shiga ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Ran da na shiga na tarar da shi zaune da farar warƙar nan a kan allo, ba ya komai. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ce na yi laifi. Na ce kuma ranar ba ni da alwala, ƙarya na yi, har sau biyu.

"Na sani," in ji shi. "Mai alwala ba ya zagin ƙarfe haka."

Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama. Ya ce in ɗaga yatsu. Na ɗaga. Ya ce ba ya ganin ko hannun. Na hagun ya tafi a 'yan kwanakin da na yi ina fushi. Saura na dama, shi ma kamar ana kallo ta cikin ruwan koko.

"Na yahe maka. Amma in da abin da za ka yi, yi shi yanzu."

Daga nan wurin ejan na nufa. Na ce masa ban iya komai ba, ya koya mini. Ya yi dariya har da buga tebur. Na ba shi labarin tudu da bargo da buta, ya riƙe baki. Ya ce me ya sa muka ɗauki dattijo zuwa daji? Gidan tarihin sun hana a sauke hotunansu, gaskiya ne, amma ga wani maɓalli nan a sama, in ka danna shi kwamfuta na ɗaukar hoton duk abin da ke kan gilashi ta ajiye, ka je ka kalla a ɗakinka ko babu sabis. Ya ce shi ne abu na farko da ya so nuna mini ran da na ce ni mai gidan kallo ne.

Na dubi maɓallin nan. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na koma tudu ni kaɗai, da buta cike, na yi alwala a gindin aduwa kafin in buɗe jaka. Mushe ya riga ya nuna mini hanyar, na haddace ta da siffar kalmomin, ba da ma'anarsu ba. Na bi ta kan gafaka, da bayan gafaka, da igiyar gafaka. Zayyanar ta sauko. In ka bar ta gaba ɗaya ta yi wa idon Kawu ƙanƙanta, in ka ƙara mata girma sai gefe ɗaya ya cika gilashin. Don haka na riƙa ɗaukarta yanki-yanki, kowane yanki sai na jira ya washe. Batir ya mutu na koma gari na yi caji na dawo. Manomin nan ya saba ganina har ya riƙa aiko mini da ruwa, yana tambaya ko dattijo ya samu abin da yake nema.

A zaure muka sa labule, Kawu ya sake alwala ko da yake yana da ita, aka ɗora kwamfutar a kan matashi. Ya kai fuska har numfashinsa na dusasa gilashin. Ya ɗora yatsa a kusurwar sama ya fara bi. Can ya tsaya.

"Shi ne. Haka yake naɗe ƙarshen layi, kamar wutsiyar kunama. Ba mai yin haka sai shi."

Sannan ya share ido da hannun riga ya ce ashe ma ba ta kai girman da yake tunawa ba. Muka bi gefen dama, muka bi na hagu, duk yana gyaɗa kai don ya san su. Na buɗe yankin tsakiya.

A nan ne mutanen gidan tarihin suka buga tambarinsu. Wani farin zane mai rubutu a kewaye, shara-shara, sun ɗora shi daidai kan cibiyar, a kan ƙullin da tsoho ya yi shekaru yana nema, don kada wani ya saci hoton abin da kwamanda ya ɗauke. Mai lafiyar ido in ya ƙura zai iya rarrabe layin kakana da layin tambari. Kawu ba zai iya ba. Yatsansa ya shiga ya ɓace, ya fito ya sake shiga.

Na ji zagi ya taho mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi, don akwai ayoyi a gabana.

"To," in ji Kawu, "kai za ka zama idon. Zauna nan. Jar igiyag ga da ta taho daga dama, bisa ta bi ko ƙasa?"

Ni da ban taɓa zama wuri ɗaya na minti goma ba sai a gaban fim, na zauna. Igiya-igiya muka bi. In ce ta bi sama, ya zana a allo, ya ce sai wace? In ce rawaya ta nutse ƙarƙashin baƙa, ya ce duba da kyau. In ƙara girman hoton har ya farfashe, in rage. Wani wurin harafin tambarin ya hau daidai kan mahaɗar, sai in yi ta kallo har idona ya yi ruwa. A wata mahaɗa ta ƙasa ban tabbata ba sam. Ya tambaya, na ce ƙasa ta bi, da ƙarfin murya, yadda na saba faɗin abin da ban sani ba. Ya ce, "Uhm."

Ya yi kwanaki yana gwadawa a allo kafin ya taɓa warƙar. Ran da ya zana ta, a bakin ƙofa ya zauna da hantsi, ni na danne masa takardar, ina gaya masa in alƙalami ya kusa fita layi. Hannunsa bai yi rawa ba, idon ne ke yaudararsa, don haka gefen hagu ya ɗan fi na dama faɗi. Da ta bushe ya sa ta a wurinta cikin sauran warƙoƙin, ya daidaita su, ya zura a gafaka ya ɗaure. Bai ƙara riƙe alƙalami ba. Kafin damina ta zagayo idon daman ma ya rufe, aikin da aka yi masa a asibiti bai dawo da shi ba.

Mushe ya aika wa gidan tarihin bayani, cewa Alƙur'ani ne, kuma ga wanda ya rubuta, ga ɗansa da rai. Bayan dogon lokaci suka amsa da godiya, suka ce a kawo shaida a rubuce. Da aka gaya wa Kawu sai ya ce rubutun ai yana hannunsu.

Mahaɗar nan ta ƙasa ta daɗe tana damuna. Shekaru suka wuce, wayoyi suka canza, sabis ya gyaru har a cikin zaure. Wata rana ina zaune wurin Kawu na tuna, na laluba a wayata. Kafin in gyara zama shafin ya buɗe. Sun sake hotunan, sun cire tambarin, komai tar kamar a tafin hannu. Abin da ya sa muka hau tudu da bargo, ga shi a aljihuna, mai son ganinsa kuma ba ido. Na ƙara girman cibiyar na duba mahaɗar. Sama igiyar ta bi. Ashe abin da na gaya masa ba daidai ba ne.

Na ce, "Kawu, ina son in ga warƙar tsakiya."

"Kana da alwala?"

Na buɗe baki, na rufe. Na tashi na ɗauki buta na fita. Da na dawo ya nuna mini inda gafakar ke rataye. Na zare warƙar na ajiye ta kusa da wayar, na bi jar igiyar da ido har mahaɗar ƙasa. A warƙar Kawu ma sama ta bi, daidai da ta mahaifinsa.

"Kawu, ai ce maka na yi ƙasa ta bi."

"Haka kac ce."

"To ya aka yi ka sa ta sama?"

"Inda ka yi in'ina na ɗauka. Inda ka ɗaga murya na juya shi." Ya miƙo hannu yana laluben gafakar. "Mai da ta wurinta, kada ka hautsina mini warƙoƙi. Su mutanen naka, sun sa sunan nasa?"

Na duba ƙarƙashin hoton. Kalmomin da na haddace da siffarsu suna nan yadda suke.

"Ba su sa ba, Kawu."

Ya yi tsaki, ya ce in ɗaure igiyar da kyau.